Taragon Alewa

Delbert Hoekstra, mijin yayata Marlys, jigilar madara ya yi a babbar mota, daga gonaki zuwa masana'antar cuku, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Da ya yi ritaya sai ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansu a garin Sheboygan na Amurka, ya ce shi yanzu jirgin ƙasa zai tuƙa. Ƙananan nan na wasa, irin waɗanda muke tuƙawa a kulob ɗinmu, waɗanda tarago ɗaya bai fi tsawon tafin hannu ba.

Sai dai ya tarar ɗakin da mai shi. Teburin ɗinkin Yaya yana ƙarƙashin 'yar tagar da haske ke shigowa, kuma ta ce ko taku ɗaya ba za ta matsa ba. Delbert ba mutumin gardama ba ne. Ya shimfiɗa layinsa ya zagaye teburin, da wata kwana matsattsiya dab da gwiwar hannunta. Kullum da la'asar sai ya ɗora alewa guda a buɗaɗɗen tarago, ya tashi jirgi, ya tsayar a gabanta.

"Uwargida, kayanki sun iso."

"Direba, yau ma ka makara," in ji ta, ta ɗauki alewa ko kai ba ta ɗagawa.

Taragunsa duk samfurin da ne. Ƙugiyar da ke haɗa tarago da ɗan'uwansa tana manne da mazaunin ƙafafu, in ƙafafu suka juya ita ma ta juya, shi ya sa suke shan kwanar Yaya salin-alin. Aibinsu sai an zo ribas. Ka turo dogon jirgi da baya, nauyi ya hau kan ƙafafu, su karkace su sauka daga layi. Mu a kulob ɗinmu a gangar jikin tarago muke ɗaure ƙugiya, kamar ta jirgin gaske, kuma shugabanmu Wendell Strunk ya ɗauki abin nan kamar addini.

Delbert yana mutuwar son a ga jirginsa a bikin nunin da muke yi duk shekara. Ranar da ya kawo taragunsa gwaji, Wendell ya ce ya shigar da su tasha da baya. Ba a je ko'ina ba suka tarwatse.

"Delbert, jirgi ne wannan ko kaji aka watsa wa tsaba?" in ji Wendell. "Je ka mayar da ƙugiya jiki, sannan mu yi magana."

Na so in kwaɗa wa Wendell kofin kofi, amma maganarsa gaskiya ce. Delbert ya koma gida ya duƙufa. Hunturun nan kaf yana yanke tsofaffin ƙugiyoyi yana hudawa yana ɗaurawa, jirgi bai motsa ba, alewa ma da hannu yake miƙa wa Yaya. Da ya dawo kulob, ya turo jirginsa da baya har ƙuryar tasha, ko gezau. Muka yi masa tafi, shi kuwa baki har kunne.

Washegari da la'asar ina gidan, ya ɗora alewa, ya tashi jirgi. Da aka zo kwanar Yaya, ƙugiyoyin suka ƙi lanƙwasa, suka fizge taragon ya kife. Alewa ta gangara ƙarƙashin keken ɗinki. Ya sake, haka. Ya rage gudu, haka.

Aka kira Wendell, ya zo da tef ɗinsa na awo, ya tsuguna ya tashi.

"Ai ba wata matsala. Kwanar ce ta yi matsi. Ku ɗauke teburin nan, a buɗa ta, shi ke nan."

Yaya ta ce, "To, sai in koma sama. Ai ya sha wahala." Ta jawo kwali ta fara zuba zarurrukanta. Wallahi sai na ji zuciyata ta karye, don ban taɓa ganin Marlys ta ba da kai a kan teburin nan ba.

Delbert ya tsaya yana kallon kwalin. Sai ya juya wajen Wendell.

"Shugaba, tsofaffin ƙafafun nan masu ƙugiya da kake cirewa daga taragunka, ina kake kai su?"

"Suna cikin gwangwani a gareji. Me za ka yi da shara?"

"Kawo mini duka."

"Ka haukace? Biki saura mako biyu! In ka mayar da su, ba za ka hau layinmu ba."

"Na sani. Sai in raba wa baƙi kofi."

Haka kuwa aka yi, ya mayar wa taragunsa da tsofaffin ƙafafu, teburi ya tsaya inda yake. Ranar biki Delbert na bakin ƙofa da butar kofi, yana tsokanar kowa, har Wendell sai da ya sha kofi uku a hannunsa.

Da la'asar na raka shi gida. Ya ɗora alewa, jirgi ya tashi, ya sha kwana lafiya lau, ya tsaya dab da gwiwar hannunta.

"Uwargida, kayanki sun iso."

"Direba, wannan karon ka makara da yawa," in ji ta. Ta tsayar da keken, ta ɗago kai ta dube shi.