Rufa'i, Ƙanena, da Waƙoƙi Biyu na Bikin Nabila

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran ƙanena Rufa'i, wanda mutanen Ƙauran Namoda suka fi sani da Rufa'i Mai Faifai, bayan gajeruwar jinya.

Rufa'i, ka sani ban taɓa son sana'arka ba, kuma mutuwa ba za ta sa in yi ƙarya ba. Gidanmu gidan malamai ne. Ni na goye ka, ni na raka ka makarantar allo, sai ga shi ka tashi da kwalayen faifan garmaho da injuna biyu masu juya su. Na yi faɗa har na gaji. Amma shaida ɗaya zan ba ka: da ladan ya ɗaga murya kake kashe kiɗa, ko bikin ɗan wane ne. Matasan da ke cika mana kunne da lasifika yanzu su ji wannan.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar kamun 'yata Nabila. Uwar ango, Hajiya Kubura ta Moriki, mace ce mai riƙo. An taɓa yanke mata waƙa tana tsakiyar rawa a wani biki a Zurmi, ta kwashe matanta ta tafi, amaryar wancan gida kuwa ta daɗe tana gaisuwa ba a amsa mata. A namu ɓangaren ga Gwaggo Hassana, babbar dangi, wadda ita ke buɗe fili da tsohuwar waƙarta ta kiɗan ƙwarya. Faifan nan dogo ne, kuma Gwaggo ba ta zama sai ya ƙare. Mutanen Moriki kuwa sun ce da la'asar za su kama hanya saboda halin da hanyar take ciki. A yanke wa Gwaggo, an wulaƙanta gidanmu. A bar Hajiya ta tafi ba a sa mata waƙarta ta kalangu ba, Nabila ce za ta biya a ɗakin aurenta.

Da safe na same ka a zaure, na gaya maka damuwata. Ka ɗora faifan Gwaggo, ka zuba wa agogon hannunka ido kana buga gwiwa da yatsa. Ka ce bugu ɗari ne a minti ɗaya. Na Hajiya kuma ɗari da goma sha biyu. Ka nuna mini wani ɗan maɓalli da ake turawa a gefen injin don ƙara wa faifai sauri ko a rage, ka ce iyakarsa kashi takwas cikin ɗari, ga shi tazarar waƙoƙin kashi goma sha biyu ce.

Na ce, "To ba zai yiwu ba ke nan."

Ka ce, "Yaya, mi kike tsoro? Ba ɗaya za ta bi ɗaya ba. Kowace ta taso rabin hanya, su gamu a ɗari da shida. Gwaggo in ƙara mata kashi shida, Hajiya in rage mata kashi shida."

Na ce ka yi kuskure, shida cikin ɗari da sha biyu ba kashi shida ba ne, biyar ne da ɗoriya. Ban yi sakandare don ado ba. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce ashe da mai faifai a gidan Liman tun kafin a haife ka. Na ce ka kiyayi bakinka.

Da aka buɗe fili, Gwaggo ta shiga da takunta na ƙasaita. Ina kallon yatsanka yana tura maɓallin nan a hankali, yadda ba mai lura. Gwaggo ta fara ɗaga ƙafa, mata suna guɗa. Can sai kalangu ya shigo ta ƙarƙashin ƙwarya, bugu a kan bugu, ba tuntuɓe. Hajiya Kubura ta ji waƙarta, ta miƙe ta gyara gyale. Gwaggo ba ta ji an yanke mata komai ba, don haka ba ta zauna ba. Tsofaffin nan biyu suka yi ta juyi a fili ɗaya, kowace tana ganin ɗayar ce ta shigo taya ta. Daga baya Gwaggo ta ce rabon da ƙafarta ta yi sauƙi haka tun tana amarya, ta danganta abin ga wani man zafi da aka kawo mata daga Shinkafi. Ka roƙe ni kada in gaya mata gaskiya, kuma har ta rasu ban gaya mata ba.

Tun daga ranar, duk 'yar da ta kawo mini ƙarar miji ko suruka, tambayata ɗaya ce: ke nawa kika rage? Yaran yanzu kowa so yake a bi saurinsa. Ba haka ake zama da mutane ba.

Jiya Hajiya Kubura ta zo gaisuwa, Nabila na riƙe da hannunta, jikokinta biye da su. Ta zauna ta ce, "Allah ya jiƙan yaron nan. Shi ɗai ya san girma. Waƙata ce anka buɗe fili da ita." Nabila ta kalle ni, na kalle ta. Na ce, "Haka ne, Hajiya." Na rage nawa kashi biyar ɗin, Rufa'i, har da ɗoriyar.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Laila, da ɗanka Auwal, da dukan dangi na Ƙaura da Moriki. Allah ya ba mu haƙuri. Ya Ubangiji, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa zumuncin da ya ƙulla a filin nan ya yi nauyi a mizaninsa. Amin.

Yayarka,
Aminatu