Wayar Yaya Sani ta ƙi gane shi

Jama'a, yau Allah ya saka min! Kun san Yaya Sani, mijin yayata, kullum sai ya kira wayata gwangwani, wai tasa da fuska take buɗewa. To ɗazu muna cirar gyaɗa a Kwanyawa, ƙudan zuma suka far masa. Fuska ta kumbura suntum! Ya kalli wayarsa, ta ƙi buɗewa. Lambobin sirri kuma ya manta!

Ya ce, "Hadiza, kira min mai mashin."

Na ce, "Sannu Yaya. Dama gwangwani yana kira?"

Ya ce, "Don girman Allah!"

Na kira, amma sai da na ɗauke shi hoto tukuna. Ga shi nan, ku yaɗa har Rogo!