Adireshin da ke gindin tukunya

A shekarun da farar hula suka dawo mulki, kuɗi na yawo a Abuja, kusan kowane ma'aikaci yana da 'yar sana'ar da yake taɓawa bayan an tashi ofis. Wasu dillancin filaye, wasu motoci. Ni da nake sashen kwamfuta a wata ma'aikata, sai na kama dillancin sunayen shafukan intanet, abin da 'yan harkar ke kira domen. Mutum ya yi rajistar suna mai daɗi ya ajiye, ni in nemo masa mai saye, in ci la'ada. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta yarda wannan sana'a ce ba. Cewa take yi iska nake sayarwa.

Wata rana wani mai haɗa shafuka da ke zaune a Karu ya same ni a ofis. Ya ce yana da wani suna gajere mai alaƙa da tukwane, yana so ya rabu da shi. Na duba rajista, na ga sunansa ne da imel ɗinsa. Na buɗe shafin, fari fat, babu komai a ciki. A ƙa'idarmu magana ta ƙare ke nan, kaya na mai rajista ne. Cikin mako guda na samo wani kamfani a Legas da ke shigo da tangaran daga waje. Suka taya, muka ja, muka daidaita. Mutumin Karu ya turo mini lambar sirrin da ake mayar da suna da ita daga hannu zuwa hannu. Abin da ya rage kawai in miƙa wa kamfanin ranar Litinin.

Ranar Asabar matata ta sa ni in sauko mata da kaya daga saman kabad ɗin kicin. Ina yi ina mita, don ni a ganina Asabar ta kwanciya ce. Cikin kayan akwai wata baƙar tukunyar ƙasa. Na kifa ta zan kakkaɓe ƙura, sai na ga rubutu a gindinta, wanda aka danna tun yumɓun yana ɗanye aka gasa su tare. Sunan nan ne da zan sayar, harafi da harafi.

"Ina kika samo wannan?" na tambaye ta.

"Kwali mana, wajen matan nan masu ginin tukwane. Ai tare muka je, ka zauna a mota kana waya ka ƙi fitowa."

Nan take na kira mutumin Karu, kuma ban yi masa da daɗi ba. "Malam, tsakaninka da Allah, sunan nan na wane ne?"

"Haba Oga, ba ka ga rajista ba? Nawa ne."

Da na matsa sai ya fito da zancen. Wata ƙungiyar agaji ce ta taɓa ɗauko shi ya yi wa matan shafi. Da aka zo rajista babu mai imel a cikinsu, sai ya sa nasa. Ƙungiyar ta tattara ta tafi, shafin ya mutu, shi kuma ya ci gaba da sabunta sunan. "Wallahi sun manta da shi, Oga," in ji shi.

Na ce lambar ba za ta bar hannuna ba sai mun je mun gani. Haushin kaina ma ya fi nasa yawa. Dillalan filayen da nake rainawa ko ba komai suna zuwa su taka fili da ƙafarsu kafin su sayar. Ni ban taɓa taka komai ba, allo kawai nake kallo.

Ranar Lahadi da rana, bayan matan sun taso daga coci, muka isa Kwali ni da shi. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai kaushin hannu. Ta shiga da mu bayan gida, inda tukwane ke kife a jere suna shan iska, kowace da sunan nan a gindinta. Ta ɗauko hatimin katakon da suke dannawa ta nuna mana, duk ya siɗe saboda aiki.

"Mama, kin san abin da ke rubuce a nan?" na tambaye ta.

"Ɗana, ni ban yi boko ba," in ji ta da irin Hausarta. "An ce wannan shi ne gidanmu a cikin kwamfuta. Baƙo ya saya tukunya, ya tafi garinsu, in yana son wani, ya bi wannan ya same mu." Sannan ta ce, "Amma an daɗe ba wanda ya zo ta nan. Ko hanyan ya lalace ne?"

Mutumin Karu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ni kuma abin da ke raina shi ne, da na miƙa lambar nan, duk tukunyar da matan nan suka taɓa gasawa za ta riƙa kai masu saye wajen mai farantan kanti. Rubutun da ya shiga wuta kuwa ba ya goguwa.

A hanyar dawowa muka wuce Gwagwalada. Can sai mutumin Karu ya ce, "Oga, a mayar musu."

Dattijuwar tana da 'ya malamar firamare a Yangoji, mai imel. Ranar Litinin malamar ta zo ofishina, muka mayar da sunan hannunta a madadin matan, mutumin Karu kuma ya ɗora musu shafi ɗaya mai hotunan tukwane da lambar wayar malamar. Na kira kamfanin Legas na ce ciniki ya tashi. Suka wanke ni tas, ba su kuma sake nemana ba. Ban ji zafin ba ko kaɗan. Ba kuma na yaudarar kaina cewa kirkina ne ya hana ɓarnar, don da matata ba ta tashe ni aikin kicin ba, da na sayar na ci la'adata hankali kwance. Tun daga ranar duk wanda ya kawo mini suna sai na tambaye shi wa ya sa shi yin rajistar tun farko.

Bayan 'yan makonni malamar ta kira ni, ta ce mamanta na son magana da ni. Dattijuwar ta karɓi wayar tana ɗaga murya, ta ce wani baƙo ya kira yana neman tukwane.

"Ɗana, kai ne ka gyara hanyan?"

Na ce, "An gyara, Mama."

Ta yi ta sa mini albarka har na ji kunya. Ban taɓa gaya mata cewa ni ne na kusa sayar da hanyar ba.