Tasar Nufawa da auren ƙanwata

Shekarun baya, lokacin da aurena na fari ya mutu na dawo gidanmu cikin birnin Sakkwato, sai ga auren ƙanwata ya taso. Angon wani baduku ne, suna son juna tun suna makarantar allo. Mahaifinmu ya rasu, damina ba ta yi kyau ba, gero ya yi tsada. Abin da muke da shi 'yan kuɗin wuri ne da mahaifiyata ta tara da kaɗin zare.

Inna ta kasa wurin nan kashi-kashi bisa tabarma: na ƙore da faifai, na tukwane, na mahauci, na alkama da zuma don alkakin gara. Ita kuwa ba ta zaɓen mai sana'a da ganin ido. Mata uku ta sa suka aiko da ɗanɗanon alkaki, ta miƙa wa kakarmu da ba ta da haƙori ko ɗaya. Wanda tsohuwa ta iya cinyewa, mai shi ta samu aiki. Mahauci kuma ta ɗauki wanda ya ce mata, "Inna, bar batun rago. Jar akuya guda ta ishe ku." Ta ce mai rage wa kansa ciniki ba ya cuta.

Kashin zuma ni ta damƙa wa. Nan aka yi kuskure.

Ran nan Inna ta tafi Kwalkwalawa wajen mai sassaƙar ƙore, sai dillaliya ta shigo da kayan fataken Nufe. Ta zaro wata tasa mai ɗaukar ido, ta ce, "Wagga ko ɗiyan sarauta sai sun yi rabo." Na tuna gorin da dangin tsohon mijina suka yi mini kan jerena. Kafin in yi shawara da kowa, kuɗin zuma sun bi dillaliya.

Da Inna ta dawo ta daɗe tana juya tasar. Ta ce, "Mi kinka yi, ɗiyata?"

Ƙanwata ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Yaya, dangin ango ita za su lasa?"

Na fashe da kuka kamar ni aka cuta. Dillaliya kuwa da na mayar mata da tasar, ta ce ciniki ya riga ya faɗa. Gara babu alkaki abin faɗi ne a unguwa har ƙanwata ta yi jika, ga biki saura kwana tara.

Da safe na yafa zane na shiga gidan mai alkakin, na faɗa mata gaskiya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Zuma ina da shi. Mai daka ce ban da. Kina iyawa?"

Kwana bakwai ina surfe da niƙa a gidanta, ni da ko a gidan miji ake yi wa kirarin ragwanci. Tafin hannuna ya yi kanta, ya fashe. Kullum da la'asar ƙanwata ke shafa mini man shanu tana tsokanata, har ranar da na ga hawayenta na ɗiga kan yatsuna. Ta ce, "Na san don ni kinka yi."

An kai gara, alkaki ƙwarya huɗu, dangin ango suna ta sa albarka. Tasar tana can saman jere, ban ji wanda ya tanka mata ba.

Daga baya na gane ba ƙanwata na saya wa ita ba, ciwon raina na so in rufe da kuɗin bikinta. Ita kuwa ba ta taɓa yi mini gori ba. Sai dai bara da ta tashi aurar da ɗiyarta, ta raba wa kowa aiki, na ce, "Ni fa?"

Ta kama hannuna ta ce, "Yaya, ke zamna nan kusa da ni. Guɗa taki ce."