Neman Fitilar Jar Motar Baba a Abossey Okai

Mun tashi da asuba ranar Laraba, ni da yayana, da fitilar mota guda ɗaya naɗe cikin tsohon zanen Mma. Ni na rungume ta. Masu koko da ƙosai na bakin layinmu ba su gama hura wuta ba lokacin da muka bar Zongo muka nufi tashar motocin Ankara, babban birnin ƙasarmu Ghana.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da mu. Babanmu yana da wata jar mota mai ƙofa biyu, gajera, cikinta dab da ƙasa, irin ta masu son gudu. Ta girme ni. Tun kafin ya auri Mma ya saye ta da kuɗin goro. Bara ciwon ƙafa ya hana shi tuƙi, sai motar ta zauna a tsakar gida, kaji suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Da damina kuma bulo ya faɗo daga ginin maƙwabta ya fasa fitilar dama. Ta hagu kuwa tuni ta yi rawaya, ruwan sama ya shige cikinta ya kwanta. Babu fitila, babu takardar lafiyar mota, babu fita titi.

Mma ta gaji. Tana son wurin don ta kafa rumfar ɗinkinta, har ta yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe, suka ce za su zo ranar Asabar. Baba bai yi gardama ba. Ya dai ciro sidi dubu uku daga aljihun babbar rigarsa ya miƙa wa Yaya. Mma ta ce, "Alhaji, wannan ne na ƙarshe. Har kuɗin motarsu a ciki. In bai isa ba, Asabar a zo a ɗauke ta." Kwana biyu muka yi muna zagaya Magazine, unguwar makanikai da ke Suame, kowa ya juya fitilar hagun da muka ciro a hannunsa ya girgiza kai ya ce mu tafi Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Ankara. A wannan harka ba a sayen kaya da kwatancen baki, sai ka kai tsohon an kara shi da sabon. Shi ya sa na yi tafiyar da fitila a cinya.

Kujera ɗaya sidi ɗari da hamsin. Mai ɗora kaya ya so ya jefa mini ƙunshin a bayan mota, na hana. Wata dattijuwa da ke gefena ta ɗaga bakin zanen a hankali, tana zaton jariri ne. Da ta ga gilashi ta yi dariya har da hawaye, ta ba ni alewa.

Bayan mun wuce Ejisu gari ya waye sosai. Hanyar wani wuri sumul, wani wuri an tone ta ana gyara, motoci su jeru suna rarrafe. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ruwan nan na cikin fitilar ya yi motsi, ƙululu, kamar tana yi mini magana. Na zauna ina tunanin ruwan wace rana ne, ko na ranar da aka yi babbar iskar da ta kwashe mana igiyar shanya. A Konongo mata suka taso da ayaba da gyaɗa. Gaba kaɗan sai masu dodon koɗi da naman kaza, suna ɗaga su sama kamar tuta. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne duwatsun Kwahu idan an doso Nkawkaw. Hazo ya rufe kawunansu, gari yana kwance a ƙasa, ka ce wani ne ya yafa musu farin mayafi ya manta bai cire ba. Yaya duk bai gani ba. Barci yake yi, hannunsa dafe da aljihun da kuɗin yake.

A Nsawam muka sayi burodi mai zafi ta taga, sidi ashirin. Daga nan cunkoso ya fara, ba mu sauka ba sai dab da azahar. Muka yi salla, muka ci shinkafa da wake da shito, soyayyen yajin nan, a tsaye, sannan muka shiga trotro, ƙaramar bas ta haya.

Ban taɓa ganin wuri irin Abossey Okai ba. Gari ne guda da aka gina da sassan motoci. Layin ƙofofi daban, layin madubai daban. Akwai shagon da babu komai a cikinsa sai sitiyari, an rataye su bisa ƙusa kamar faifai. Yawanci hom-yus ne, wato kayan da aka yi amfani da su a ƙasashen waje aka kawo. Na tsaya ina kallon wata ƙofa shuɗiya, ina cewa a raina ko wa ya taɓa jingina da ita a wata ƙasa mai dusar ƙanƙara. Yaya ya ja ni.

Shago bakwai muka shiga. A na uku an ce sabuwa sai an yi oda, guda ɗaya sidi dubu huɗu. Yaya ko sallama bai yi ba ya fito. A na bakwai, wata mata mai ƙiba da gilashin ido ta buɗe zanen, ta duba, ta shige ciki. Ta daɗe. Sai ga ta da fitilu biyu, dama da hagu, garau kamar ruwan rijiya. Aka kara su da tamu, ramukan ƙusa duk sun dace. Aka ja ciniki, Yaya yana "Maame, uwata, ki duba Allah," tana "ɗana, kai ma ka duba shi," har aka tsaya a dubu biyu da ɗari biyu duka biyun. Na ga kafaɗun Yaya sun sauka.

Al'adarsu ce a gwada kaya kafin a biya. Ta kai mu wurin wani tsoho mai gyaran wutar mota da ke zaune cikin kwantena a bayan shagon, kowa yana ce masa Wofa, wato kawu. Ya ja ƙofa wuri ya yi duhu, ya haɗa waya da batir, haske ya faɗa kan bango. Abin ya ba ni mamaki. Ashe hasken fitilar mota ba dunƙule yake ba. Yana da layi a samansa, miƙe daga gefe ɗaya, sannan ya haura sama a ɗaya gefen kamar gangaren tudu. Yaya ya riga ya sa hannu a aljihu. Ni kuwa sha'awa ce kawai ta kama ni, na ce, "Wofa, don Allah kunna tamu ma in ga yadda take yi."

"Ke dai ba kya gajiya da kallo," in ji Yaya. "Mota za ta bar mu."

Wofa ya kunna. Haskenta ya fito rawaya, mai rauni, amma tudun nata ta dama ya haura. Na sababbin ta hagu. Na faɗa musu abin da na gani. Tsohon ya sake kunna sabuwar, ya sake kunna tamu. Sannan ya buga cinya.

"Ei! Maame, zo ka gani," ya ce da Hausarsa ta kasuwa. Ya juyo wurin Yaya. "Masta, wannan fitila na ƙasar da suna tuƙi a hannun hagu ne. Can haske yana tashi hagu, ya nuna bakin hanya. Nan Ghana ka sa shi, zai shiga idon direba mai zuwa. Ka kai shi gwaji, za su koro ka." Ya nuna ni da bakin sukudireba. "Wannan ƙanwa naka, ka saya masa lemo."

Matar ba ta sani ba, na ga haka a fuskarta. Ta kwashe kayanta tana sababi da wanda ya kawo mata su. Mu kuma muka tsaya, ga kuɗi a aljihu, ga Asabar tana matsowa. Na tuna yadda Baba yake goge motar da safe, yana dogara sanda, alhali ya san ba inda za ta.

Wofa ya tambaye mu wacce ce ta fashe. Muka ce ta dama. Ya ce to me ya kai mu sayen biyu? Ya kira wani abokinsa a waya, aka yi ta magana da yaren Twi, bayan rabin awa aka kawo ta dama guda ɗaya, irin ta hannunmu. Ita kaɗai dubu ɗaya da ɗari tara. Yaya ya yi rantsuwa, ya yi kamar zai tafi, ya dawo, aka sallama a dubu ɗaya da ɗari bakwai. Wannan karon shi da kansa ya ce a haska bango.

Tamu kuwa Wofa ya yi mata aiki ina zaune ina kallo. Ya gasa gefenta da iska mai zafi har danƙon ya saki, ya buɗe ta, ya tsiyayar da ruwan daminar nan a ƙasa. Ya bi fuskarta da takardar yashi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ya shafa wani farin mai ya murza, ya sake liƙe ta. Rawayar ta tafi, saura ɗan kaɗan. Ya karɓi ɗari biyu da hamsin, muka ƙara ƙwayayen fitila biyu sababbi a ɗari da ashirin.

Muka kwana gidan gwaggonmu a unguwar Nima, da safe muka kamo hanya. Yanzu jarirai biyu ne a cinyata. Duwatsun Kwahu sun cire mayafinsu, rana ta fito da jan dutsen da ke jikinsu.

La'asar muka shiga Zongo. Mai gyaran wuta na layinmu ya ɗaura su a kan ɗari biyu. Abin da ya rage Yaya ya ajiye a gaban Mma, sidi talatin da 'yan canji. Bayan magariba aka kunna motar, haske ya hau bangon ɗakin girki, tudu biyu, dukansu sun haura dama. Ɗaya fari tas, ɗaya da ɗan launin zuma. Na ba Baba labarin fitilun hannun hagu, ya yi murmushi ya ce yana yaro aka sauya hannun tuƙi a ƙasar nan, ya tuna yadda direbobi suka yi mako guda suna tafiya kamar masu ɗauke da ƙwai.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Kaya zai iya dacewa da ramin ƙusa, ya yi kyau, ya yi araha, amma ba don hanyarka aka yi shi ba, kuma ba za ka sani ba sai ka ajiye tsohon kusa da shi ka duba. Na kuma daina jin kunyar yawan kallona.

Mma ta daɗe tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Sannan ta ce wa Yaya ya kira masu sayen tsohon ƙarfen nan ya ce kada su wahalar da kansu ranar Asabar. Ta juya wurin Baba ta ce, "Gobe Juma'a. In za a kai ka masallaci a cikinta, ni ce a gaba."

Baba ya ce, "Hajiya, ai kujera biyu ce kawai, ɗaya kuma ta direba ce."

Ta ce, "To, sai ka san yadda za ka yi."