Furen da Kaka Ta Hana a Faɗi Sunansa

Ranar wata Laraba, shekarar da na shiga aji uku na firamare, an gama yankan dawa ke nan, Kawu Sani ya iso gidanmu a Kafin Maiyaƙi. Ƙanin Inna ne, yana aiki a wani lambun furanni a Jos. Muna tsakar gida muna ɓarar gyaɗa ya ciro ƙullin takarda daga aljihu, ya zazzage mini a tafin hannu. Iri ne baƙi, ko ƙwayar riɗi ta fi shi girma. Ya ce farin fure ne, Turawa na ce masa numfashin jariri. Kaka, mahaifiyar Baba, ta dire faifan hannunta. "Kada in sake jin wannan suna a gidan nan," in ji ta.

Duk ƙuruciyata na gane dalili. Inna tana da tsohon ciki, kuma 'ya'ya biyun da ta haifa a bayana babu wanda ya kai ranar suna. Ban gaya wa kowa ba, amma sai na ƙudurta a raina cewa idan furen nan ya rayu, abin da ke cikin Inna ma zai rayu. Na share wani ɗan fili a bayan rumbu, na yayyafa irin. Da safe kafin in tafi makaranta sai na juye masa bokiti guda, in na dawo na ƙara, haka ma bayan wanke-wanken yamma. Ƙawayena su leƙo su kira ni carafke, in ce ina zuwa, ba na zuwa. A aji kuwa malam na rubutu a allo, ni hankalina na kan kajin Inna masu tono.

Ya tsiro siriri kamar zare, na yi ta murna. Kwana kaɗan sai ya fara kwanciya, gindinsa ya yi baƙi, fiye da rabi ya ruɓe. A nan Kaka ta same ni ina kuka har da shessheƙa. Ta matsa mini, na faɗa mata abin da na ƙudurta. Ta tsuguna kusa da ni. Can ta goge mini fuska da gefen zaninta. "Ke Binta, rai a hannun Allah yake, ba a bayan rumbu ba. Wannan kuwa ruwa kika cika masa."

Kaka ta san shuka. Kafin ruwan madatsar Tiga ya tashi ƙauyensu tana da lambun albasa da yakuwa, har ta rasu tana zancensa. Ta aike ni rafi na ɗebo yashi a kwano, ta haɗa da tokar murhu ta barbaɗa, ta ja 'yar hanya don ruwa ya riƙa wucewa. Ta cire na cunkushe, ta hana ni taɓa saiwar sauran, wai irin wannan ba ya son dashe. Muka kewaye wurin da kara da ƙaya saboda awaki. Ruwa kuwa moɗa ɗaya, a gindi, sai ƙasa ta bushe. Matar da ta hana a faɗi sunansa, ita ce kullum bayan sallar la'asar za ka gani a tsugunne tana kafa masa tsinke.

Inna ta sauka lafiya, mace. Kwanaki bakwai ɗin nan ko tari jaririyar ta yi sai gidan ya yi tsit. Furen ya riga ya buɗe, ƙanana farare birjik kamar an watsa tsakin shinkafa a iska. Da safiyar suna Kaka ta yanko da hannunta, ta sa a kwalba a ɗakin Inna. Matan barka suna ta tambaya ko magani ne, ita kuwa sai dariya. Aka raɗa wa yarinya Furera.

Yau Furera na da 'ya'ya huɗu a Tudun Wada. Rumbun ya rushe, an zuba siminti a tsakar gidan, babu inda za ka soka ko tsinke. Ni ina birni, a ɗakin haya a bene, ina shuka a gwangwanin madara a bakin taga, 'ya'yana na wucewa ba sa ko kallo. Wani lokaci nakan so a ce akwai tsohuwar da za ta tsuguna kusa da ni ta yi mini faɗa. Allah ya jiƙan Kaka, faɗanta ma kulawa ce.