Kwallin Ranar Laraba: Ga Taubashiyata Tani

Ranar Laraba, tara ga watan Nuwamba na 1966, da la'asar sakaliya, Allah ya karɓi ran Tani mai ƙosai a gidanta da ke bayan kasuwar Dutsin-Ma. Ni Kande, taubashiyarta, ina tsakar gida ina sussukar gero aka aiko mini. Na ajiye taɓarya na zauna a ƙasa.

Tani, da bokon da kika koya mini nake rubuta wannan. In an ga harafi ya karkace, malamar za a tuhuma, ba ɗalibar ba. Kin ga ko yau ban fasa tsokanarki ba.

Gida ɗaya muka tashi a wani ƙauye kusa da Rawayau, ta ƙasar Kurfi. Uwata ƙanwar ubanki ce. Gidanmu ya musulunta, ke kuma kika auri Hudu, kika bi shi addinin Almasihu, aure ya sake haɗa mu a Dutsin-Ma, katanga ɗaya. Wannan bai taɓa raba mana kwano ba. Da azuminmu ke kike aiko mana ƙosan buɗa baki da zafinsa, ba ki taɓa bari mun sha ruwa da sanyayye ba.

Kullum safiya, kafin ki jiƙa wake, sai kin shimfiɗa tabarma a gindin ɗurumi kin buɗe Littafi Mai Tsarki kin karanta da ƙarfi, kina bin layi da yatsa. Ta kan katanga nake ji. A kan wannan tabarma kika koya wa ɗanki tilo, Rabe, karatu. Yaron yana da in'ina kaɗan, ba ta kama shi sai a wuri ɗaya: duk sa'ad da ya zo kan sunan Ubangiji sai harshensa ya harɗe, ya ce "Ubangi-giji". Mu yi ta dariya, ke kuwa ki ce a ƙyale shi, Mai sunan ya gane.

Sai shekarar yunwa ta zo. Hudu ya kwanta, bai tashi ba. Rabe, yana saurayi, ya ga rumbu wayam, ya bi fataken shanu zuwa Kurmi, ya ce da kaka zai dawo. Kaka ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Ba shi, ba labarinsa.

A wannan lokacin ne muka lura da wani sabon hali naki. Duk ranar Laraba sai ki yi wanka, ki shafa man shanu har fuskarki na ƙyalli, ki rambaɗa kwalli, ki ɗaura zanen saƙinki mai kyau, sannan ki fito suya. Matan unguwa suka ce gwauruwa na neman miji. Ni ce na raɗa miki suna Amaryar Laraba, sunan ya bi ki har kasuwa. In na ce, "Amarya, yau wane tsoho za a kayar?" sai ki yi murmushi ki ce, "Mijinki nake hari, ki kama shi da kyau."

Wata Laraba da bazara, rana na dukan ƙwaƙwalwa, kika sulale a gaban kasko. Na ruga da ƙwaryar kunu na kai bakinki, kika kau da kai. Na ce, "Ke Tani, mi ke damunki? Sha mana!" Kika ce a hankali, "Sai rana ta faɗi. Azumi nake, Kande. Don Rabe." Na ce to wane irin azumi ne da kwalli da man shanu? Kika ce a Littafinku an koya muku mai azumi ya wanke fuska ya gyara jiki, kada ya yamutsa fuska don mutane su gani su yaba. Kika roƙe ni in riƙe bakina. Wallahi na riƙe, kuma kin san ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. Ashe duk shekarun nan kina tsaye a kan ƙamshin ƙosai tun safe, kina ciyar da gari, cikinki ba ko ruwa.

Shekaru suka tura, hayaƙi ya ci idanunki, hazo ya rufe su gaba ɗaya. Na ɗauka karatun safe ya ƙare. Ina! Kika ci gaba da fitowa gindin ɗurumi, ki buɗe Littafin a cinya, ki karanta da ka. Wata safiya na leƙo na ce, "Amarya, ai a juye kike riƙe da shi." Kika ce, "To ki zo ki daidaita mini, ba ki tsaya kina surutu ba." Mutane da yawa sun ce miki ki haƙura, yaron ya mutu. Ni ma na taɓa faɗa, don tausayi. Kika ce ba a gaya miki haka ba tukuna, kika laluba tandun kwallinki.

A watan jiya, da rikici ya koro 'yan Arewa daga Gabas, wani mutum ya yi sallama a ƙofarki da hantsi, ramamme, da gemu, da tabo a kumatu, murya a dishe. Ya durƙusa ya ce shi ne Rabe. Kika shafa fuskarsa, amma hannunki bai san wannan fuska ba, kunnenki bai san muryar ba. Ina tsaye ina kallo. Sai kika miƙa masa Littafin kika ce, "Karanta mini." Ya buɗe, ya fara. Bai yi nisa ba ya zo kan sunan, harshe ya harɗe. "Ubangi-giji." Tani, ban taɓa jin kuka irin na ranar ba, kuma rabinsa nawa ne.

Larabar da ta biyo na kawo miki fura da rana tsaka, na ce yau dai Amarya ta yi ritaya. Kika sha, muka yi dariya. Na tabbata kwalli ya ƙare ke nan.

Da na shiga ɗakinki ranar rasuwarki, na yaye mayafi don in yi miki kallon ƙarshe, sai na ga fuskarki na ƙyalli da mai, idanunki rambaɗau da kwalli. Na juya na tambayi Rabe, na ce, "Kai ka dawo, to wannan azumin na wane ne kuma?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, na Huseina ne." Huseina 'yata, wadda cikinta ke zubewa duk sa'ad da ta samu, wadda yanzu take ɗauke da wani, muna ta zullumi. Sau ɗaya tak na yi miki kukan wannan, a kan katanga. Ba ki ce mini komai ba, ashe tandu kika laluba.

Allah da kika yi wa ƙishirwa a ɓoye ya shayar da ke a sarari. Ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya sa kin huta. Rabe, Allah ya ba ka haƙuri, kada ka bar tabarmar gindin ɗurumi ta yi ƙura, ina saurare ta kan katanga. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yan'uwanta na majami'a, da danginmu na Rawayau, da matan kasuwa da suka yi ta kiranta Amarya ba su san dalili ba. Yau na saki bakina, sun sani.

Tandun yana wurina, Tani. In Allah ya sauki Huseina lafiya, da shi za a sa wa jaririn kwallinsa na fari.